Abin da Ba Mu Faɗa wa Likita Ba

Shekara ashirin da biyu ina wanke wandunan Malam da hannuna, ban taɓa bari wani ya taɓa su ba. Ko lokacin da nake jego, maƙwabta suna taya ni wanki, nasa nakan tura ƙarƙashin gado har in sami ƙarfi. Mata suna cewa Shatu akwai son miji. Son yana nan, amma ba shi ne dalili ba. Jini ne a jikin wandunan, jini da majina, wani lokaci har da abin da ya fi su.

Sunan mijina Kalilu, ko da yake bakina bai saba da faɗinsa ba. Shi ne limamin masallacin unguwarmu a Baure, ya gaji limancin daga mahaifinsa. Ciwon ciki ya kama shi tun muna da 'ya'ya biyu. Yakan taso masa wata biyu ko uku, ya yi ta zagayawa sau goma a yini, yana murɗa, yana zufa, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. An ce atini ne, an ce basir ne. Mun sha sabara, mun sha bagaruwa, mun sha rubutu. Daga baya wani mai kemis a Daura ya ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, su ne suka riƙa kwantar da shi. Ba ya saye a Baure, sai ya je Daura. Da ya daɗe yana sha kumatunsa suka cika, mutane suka ce liman ya sami kwanciyar hankali.

Ni da shi kaɗai muka san wannan ciwo, haka na ɗauka. Ya gaya mini littafi ya ce wanda alwala ba ta zama a jikinsa sallarsa ta yi, amma ba a so ya ja masu lafiya. Ni na riƙa ɗinka masa ƙyallaye masu kauri yana sawa a ciki. Idan ciwon ya taso gajerun surori yake karantawa, ina jin muryarsa ta lasifika daga tsakar gida, in ji ya ɗauko Ƙulhuwallahu da asuba sai in ɗora ruwan zafi. Bayan an ƙaddamar da Shari'a tsoronsa ya ƙaru, don samari sun yi karatu, kowa da littafi a hannu, ana bin komai da tambaya. A wani ƙauye kusa da mu an sauke liman a kan abin da bai kai nasa ba. Malam ba abin duniya yake samu a limancin nan ba. Wurin mahaifinsa ne yake tsaye, shi ke nan.

Yana da shekara sittin da ɗaya fitsari ya fara yi masa gardama. Wannan kam bai ɓoyu ba, don wata safiya ya tsaya cak, mararsa ta kumbura, yana birgima a tabarma. Ƙaninsa Saminu, mai fataucin awaki, ya nemo mota aka kai shi Daura. Can suka sa masa roba, suka ɗebi jini, suka ce mu wuce Kano. A Kano aka yi ta gwaje-gwaje, aka ciri ɗan nama, muka yi sati uku muna zirga-zirga. Kafin kowace tafiya sai ya ninka ƙwayoyin nan, don kada cikin ya tona shi a hanya.

Ranar da za a faɗa mana sakamako mu uku muka shiga wurin likita: Malam, da yayansa Yaya Kabo, da ni. Yaya Kabo shi ne babba a gidansu, ya girmi Malam da shekara tara. Tsakanina da shi kunya ce, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa a durƙushe in tashi. Na zauna can baya kusa da ƙofa.

Likitan dattijo ne mai farin gilashi, Hausarsa ta Kano. Ya ce daji ne, a wani ɗan nama da maza ke da shi ƙarƙashin mafitsara, amma bai yaɗu ba, idan aka cire ana sa ran lafiya. Ya jawo takarda ya zana mana. Ya nuna naman, ya nuna ƙarshen hanji a bayansa, ya ce abin da ya raba su bai fi bawon albasa kauri ba. Idan hanjin lafiyayye ne a hankali ake ɓare ɗaya daga ɗaya. Idan kuwa hanjin ya daɗe yana ciwo, yana kumbura yana saɓewa, sai su manne, wuƙa na zuwa ya yage. Ya ce yana da tambayoyi, ko 'yan'uwa za su ɗan jira a waje.

Malam ya dubi yayansa. Ta yaya ƙani zai ce wa babban wa ya fita? Ya ce, “Yayana ne, likita. Babu abin da zan ɓoye masa.”

Yaya Kabo bai motsa ba. Ni ma ban motsa ba.

Likita ya ce lokacin da ya duba shi ya ga jini, kuma jinin jikinsa ya yi ƙasa. Ya tambaya ko yana yawan gudawa, ko yana ganin jini da majina, ko akwai maganin da ya daɗe yana sha. Ya ce in akwai, ba zai yi gaggawar yanka ba. Zai fara sa na'ura a leƙa hanjin, a yi maganinsa, wataƙila ma a bar wuƙa a koma allura.

Malam ya ce alhamdu lillahi, babu komai sai ɗan basir irin na kowa, in ya ci yaji.

Likita ya rubuta. Sannan ya ɗaga kai ya leƙo ni ta saman gilashinsa.

“Hajiya, ke ce mai dafa masa. Ko akwai abin da ya manta?”

Ina ganin ƙeyar Malam, ina ganin ƙeyar Yaya Kabo. Fanka tana juyawa a sama. Na ji bakina ya ce, “Babu.”

Aka sa ranar aiki, kwana tara.

A kwanakin nan tara ban ci abincin kirki ba. In na ɗauki albasa zan yanka sai in tsaya ina kallon bawon, in sa farce in ga yadda yake yagewa ba ƙara. Na daina sa ta a miya. Da rana in na rufe ido sai in ga zanen nan na likita.

A kwana na uku, bayan ya dawo sallar asuba, na kai masa kunu na zauna. Na ce Malam, ka ji abin da likita ya ce. Ya ce ya ji. Na ce to mu koma mu biyu mu gaya masa, ba sai kowa ya sani ba. Ya ce in aka ɗaga aikin Yaya zai tambayi dalili, Saminu zai tambaya, jama'ar da suka yi ta addu'a za su tambaya, me za a ce musu? Na ce a ce likita ne ya canza shawara. Ya ce ƙarya a kan ƙarya ke nan. Na ce ai mun riga mun yi ta farko.

Ya ajiye ludayin. Bai ɗaga murya ba, Malam ba ya ɗaga murya.

“Shatu, sallar mutane ta shekara ashirin tana wuyana. Wasu sun mutu. In maganar nan ta fita, mai ilimi zai ce ta yi, amma tsoho da tsohuwa fa? Kowa zai kwana yana tunanin ko Allah ya karɓa. Amana na ba ki.”

Na ce ina tsoro.

Ya ce shi ma yana tsoro, amma wuƙar likita ba ta kawo ajali, ba ta kuma hana shi. Ya ce cikin ya lafa yanzu, kwana goma bai ga jini ba. Gaskiya ne, ni ce mai wanki. Na riƙe wannan maganar kamar wanda ruwa ya ci ya kama kara.

Na yi tunanin gaya wa babban ɗana, amma yana Legas, kuma ba magana ce da uwa ke yi da ɗan fari ba. Na yi tunanin Saminu, don shi abokin wasana ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ranar da muka tafi shi ya raka mu tasha, yana ta tsokanata, wai in likita ya yi kuskure ya mayar da yayansa saurayi kada in zo ina kuka, wai ya riga ya yi masa kamun wata bazawara a Dutsi. Na ce bazawarar da za ta yarda da dangin mai warin bunsuru ai ta gaji da duniya. Aka yi dariya, har Malam. Ina dariyar hannuna yana kan bakin zanena, inda na ƙulle ƙwayoyin a leda.

Aka kwantar da shi kwana biyu kafin aikin. Ɗaki ne dogo mai gado goma sha biyu, duk maza, yawancinsu da robar fitsari. Mu masu jinya muna shimfiɗa a baranda. Yaya Kabo yana kwana a masallacin asibiti, da safe ya zo ya zauna a gefen gado da carbi. Idan ya fita alwala Malam ya miƙo hannu, in kwance bakin zane in ba shi ƙwaya biyu ya haɗiye.

Akwai wata nas a ɗakin, Siddiƙa, doguwa mai tsagar goshi. Tana jin maganata ta ce ni 'yar ƙasar Daura ce, ita ma iyayenta 'yan Dutsi ne. Tun daga nan take kirana Inna. Jajiberin aikin da la'asar ta same ni a bakin famfo ina wanke kwano, da takarda a hannunta. Ta ce tana cike abin da ya rage ne, wane magani Baba yake sha a gida? Ta ce ko na gargajiya ne in faɗa, don akwai waɗanda ba sa jituwa da allurar barci.

Babu kowa a wurin sai ni da ita. Babu Yaya Kabo, babu Malam. Ruwa yana zuba a kwano har ya cika yana malala a ƙafata. Ledar tana taɓa cinyata.

Na ce zuma da habbatussauda.

Ta rubuta, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta tafi. Wannan ƙaryar ta biyu ita ce ta fi ci mini rai har yau. Ta farko zan iya cewa kunyar Yaya ce. Ta biyu ba ni da wanda zan jingina wa.

Da safe ƙarfe takwas suka zo da gadon turawa. An sa masa wata riga shuɗiya mai buɗaɗɗen baya, an cire masa hula. Ban taɓa ganin Malam a gaban mutane babu hula ba. Ya yi wa Yaya Kabo sallama, ya ce a yafe masa. Ni ya dube ni kawai, na gane abin da idon ke cewa. Suka tura shi, ƙofa mai murfi biyu ta rufe.

Muka zauna a benci, Yaya a wancan ƙarshen, ni a wannan. Akwai agogo a bango. Na yi ƙoƙarin salati, harshena ya ƙi. Wata mata kusa da ni tana ɓare gyaɗa, ƙarar ɓawon tana shiga mini kai. Na ce a raina yanzu sun sa shi barci. Yanzu sun wanke cikin. Yanzu an ɗauko wuƙa. Tara ta yi, tara da rabi ta wuce.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi baranda da gudu-gudu har ɗakin maza, na sami Siddiƙa tana jera allurai a faranti. Na kwance bakin zanen, ƙullin ya ƙi, na sa haƙori, na juye ƙwayoyin a tafin hannunta.

Ta karanta sunan da ke bayan takardar maganin. Ta tambaya tun yaushe. Na ce ya fi shekara goma, kullum. Ta ce saboda me. Na gaya mata duka, jinin, majinar, ƙyallayen, a tsaye, a gaban wani tsoho da ke kan gado yana jinmu. Abin da na riƙe shekara ashirin da biyu bai ɗauki minti biyu ba.

“Inna,” ta ce. Ta ajiye farantin ta fita, takalminta yana ƙara a siminti.

Na dawo benci. Yaya Kabo bai tambaye ni inda na je ba.

An ce mana aikin awa uku ne. Aka kira azahar ba su fito ba. Na ga an shiga da jini leda biyu, na ga wani likita matashi ya shiga da sauri yana ɗaura ƙyalle a baki. Matar mai gyaɗa an fito da nata mijin, ta tafi. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai in leƙa fuskarsa. Na yi sallar azahar, ban san raka'a nawa na yi ba.

Sai bayan la'asar likita ya fito. Ya cire hular aiki, gashinsa jiƙe. Ya kira mu wani ɗan ɗaki. Ya ce Malam yana da rai. Ya ce an cire dajin. Amma hanjin ya same shi a manne, a kumbure, ya yi laushi kamar tsohon zanen da ya sha rana, yana taɓawa ya yage, tun kafin saƙona ya iso. Sun ɗinke, sai dai naman ba ya riƙe zare sosai. Don haka sun fito da hanjin ta gefen ciki, bayan gida zai riƙa zuba a leda, har wurin ya warke in Allah ya so. Ya ce maganar ƙwayoyin ta yi amfani, don jininsa ya faɗi ana cikin aiki, da ba su sani ba da ba su gane abin da za su ba shi ba. Ya ce amma su ne kuma ke hana rauni haɗewa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce shekara nawa ciwon yake.

A gaban Yaya Kabo na ce ashirin da biyu.

Likita ya goge gilashinsa da bakin riga. Ya ce nan da kwana bakwai za a san inda aka dosa, abin tsoro shi ne ɗinkin ya saki ƙazanta ta shiga ciki. Ya fita.

Muka rage mu biyu. Na durƙusa a ƙasa, na ce Yaya a yafe mini, ni na ɓoye. Ya juya fuskarsa wajen taga. Tsawon zamana a gidansu bai taɓa yi mini magana da ta wuce amsa gaisuwa ba. Ranar ya yi, amma da taga yake yi.

Ya ce shekara goma sha biyar ke nan, wata la'asar, Malam ya yi sujada sai sahun farko suka ga jini a bayan rigarsa. Ba wanda ya yi magana. Aka sake gani, aka kuma sake gani. Su huɗu dattawa suka tafi Daura wurin wani babban malami, suka yi tambaya ba su ambaci suna ba. Malamin ya ce sallarsu ta yi, in sun yarda da mutumin su ci gaba da binsa, su rufa masa asiri Allah ya rufa nasu. Tun ranar Yaya Kabo yake tsayawa daidai bayan liman da babbar riga, yana buɗe hannuwanta. Ya ce samarin ma sun sani. Ɗaya ya taɓa ɗaga maganar, ubansa ya ce in ya sake ya bar masa gida.

Na ce to Yaya, ranar da likita ya tambaya.

“Na jira shi ya faɗa. Da bai faɗa ba na jira ke.” Ya ja carbinsa. “In na buɗe baki, ya san na sani. A gaban iyalinsa. Na so in tashi in ba ku wuri, sai na ga in na tashi ma ya gane.”

Ya share fuska da hannun riga ya fita, har lokacin bai dube ni ba.

Malam ya farka washegari. Da ya ga ledar a gefen cikinsa ya rufe ido ya daɗe. Ni nake juye ta, na koya a wurin Siddiƙa. Kwana uku na farko ya yi kyau, har ya sha ruwan shayi, har Saminu ya zo ya ce bazawarar tana gaishe shi. Na fara cewa ko mun tsira. A kwana na biyar zazzaɓi ya zo. Yana rawar sanyi gadon yana ƙara. A na shida na duba robar fitsarin na ga abin da ke ciki ba kalar fitsari ba ne. Na kira Siddiƙa, ta duba, ta tafi kiran likita ba ta ce mini komai ba, ni kuma na riga na iya karanta bayanta.

Suka sake shiga da shi ɗakin aiki. Suka fito da shi da robobi uku. Cikin ya kumbura yana sheƙi, raunin ya buɗe, warin da na saba ɓoyewa a bayan ɗaki ya cika inda muke. Aka mayar da shi wani ɗaki mai gado huɗu. Mutanen Baure suna zuwa mota-mota, Yaya Kabo yana tare su a baranda, ya ce likita ya hana shiga. Kullum da safe kafin in leƙa sai in tsaya a bakin ƙofa in saurara ko yana numfashi. Wani lokaci sai na ƙirga har goma kafin in iya ɗaga labule.

A kwana na goma sha biyar da hantsi hankalinsa ya dawo sosai. Ya nemi in jiƙa masa leɓe. Ya tambayi wanda ke jan salla, na ce Malam Hussaini na'ibi. Ya ce Hussaini yana sauri a ruku'u, a gaya masa. Sannan ya ce likita ya faɗa masa ni na kai ƙwayoyin. Na ce ni ce. Na jira ya ce na ci amana. Bai ce ba. Ya dubi silin ya ce, “Mutanen masallaci sun ji?”

Na riga na shirya amsar tun kwanaki. Zan ce ba wanda ya ji, ya tafi da hankalinsa kwance. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji ba zan iya yin ƙarya ta uku ba.

Na ce, “Malam, sun sani tun shekara goma sha biyar.”

Na gaya masa yadda Yaya ya gaya mini, da la'asar ɗin, da tafiyar Daura, da babbar rigar. Yana ji bai katse ni ba. Ƙarin ruwan yana ɗiga. Da na gama ya juyo ya dube ni.

“Kuma suka ci gaba da bina.”

“Suka ci gaba.”

“Har Alhaji Nagoggo?” Wani tsoho ne da ba sa ga maciji da Malam tun rikicin wata gona.

Na ce yana cikin huɗun da suka je Daura.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban sani ba dariya ce ko kuka, don ciwon bai bar shi ya ƙarasa ba. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne. Ya ce in kira masa Yaya. Na kira shi, na fito na ba su wuri, abin da ya kamata wani cikinmu ya yi tun a ofishin likita. Sun kai rabin awa. Da Yaya Kabo ya fito bai tsaya ba, ya wuce masallaci. Ban tambayi ɗayansu abin da suka ce ba.

Bayan nan Malam bai ƙara magana mai tsawo ba. Ya cika ranar Talata bayan azahar, kwana goma sha bakwai da aikin. Muka kawo shi Baure aka yi masa sutura kafin magariba. An ce masallaci bai ɗauki mutane ba, har kan titi.

Na yi takabata na gama. Mata suna zuwa suna ce mini kwana ne ya ƙare, in daina sa wa raina. Na sani kwana ne ya ƙare. Likitan ma da na je sallamarsa ya ce ko da mun faɗa, hanji irin wannan ba shi da tabbas, ba zai iya rantsewa ba. Amma ya ce da ba a ranar zai yanka ba, kuma da wataƙila bai yanka ba sam. Wannan wataƙilar ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

Abin da ban sani ba shi ne ko na kyauta da na gaya masa. Wata rana sai in ga na sauke masa kaya, ya tafi ya san mutanensa sun so shi da ciwonsa. Wata rana kuma sai in ga na nuna masa ne cewa ya ba da ransa don tsare ƙofar da take a buɗe, ya kwana biyu yana kallon haka kafin ya tafi. Yaya Kabo ne kaɗai zai iya gaya mini, shi ya ji maganarsa ta ƙarshe. Yana nan da rai, ya tsufa ƙwarai, kullum da safe nakan je in gaishe shi. In durƙusa, ya amsa yana kallon gefe, in tashi. Sau da yawa na tafi da niyyar tambaya. Har yanzu ban yi ba.